Ina son zama majon tawagar gardi-kor, wace hanya zan bi?

Ɗan_Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da war haka. Don Allah masu sani kan harkar lahiya da harkar tsaro ku ba ni shawara, abin ga ya kai wata biyu yana cin raina kuma kuɗɗin da za a sa ciki ba nawa ba ne ni kaɗai.

Shekarata 26, na samu BAC a 2019 amma ban ci gaba ba, mahaihinmu ya rasu shekarar kuma ni ne babba a ɗakinmu. Shekara huɗu ke nan ina tuƙa wani Alhaji ɗan kasuwa nan Maradi, ni ne direba, in anka yi tahiya kuma ni ne mai tsaron bayanshi, Yamai, Damagaram, wani sa'in Katsina ko Kano. Na yi horon sekurisma na Kuruwa Ruj, na iya kwantar da mutum gehe guda, na iya danna ƙirji 30 hura iska 2, na iya ɗaure rauni, iyakata ke nan.

Abin da ya tada min hankali cikin azumin da ya wuce ya faru. Muna dawowa daga Yamai, mun wuce Madawa ba mu kai Gidan Rumji ba, wajen la'asar, sai na hango Alhaji ta madubi yana ta gumi alhali kilim na aiki, na yi mishi magana ya amsa da wata irin murya mai nauyi harshe na karyewa, hannu na rawa, kahin in samu wurin tsayawa ya sulale kan kujera. Wallahi na ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce. Na kwantar da shi gehe, na ga yana numfashi, daga nan kaina ya ɗaure, ga yaronshi na kuka yana salati ga rezo babu. Na taka mota har CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, na farko da munka tarar. Majon wurin bai yi minti biyu ba ya soki yatsa ya auna, ya ce sukari ne ya faɗi ƙasa, ya samu jijiya ya tura mishi gulukos, ba a jima ba Alhaji ya tashi zaune yana tambayar ina hularshi. Ashe ya sha maganin diyabet da sahur bai ci abin kirki ba. Shekara huɗu ina zaune gaban mutumen ga ban ma san yana shan maganin ba.

Tun ranar nake son aikin nan, wato mutumen lahiya da ke cikin tawagar masu tsaron manya, irin waɗanda nake gani tare da mutanen kamfanonin man fetur da ƴan furoje, jaka a baya suna bin ayari. Na ga wata lakwal ta waje a Facebook, sati huɗu, gardi-kor haɗe da aikin ceto na fagen fama, hotuna da rigar sulke da komi, sun ce difulom ɗinsu duk duniya ana karɓa, da kuɗɗin jirgi da masauki zai kai miliyon biyu da rabi. Inna ta ce in dai zai hisshe mu a saida gonarmu ta wajen Jiratawa. Wani abokina kuma ya ce in bar wannan in shiga lakwal ta lahiya in yi lisans na infirmiye shekara 3, wani ya ce in nemi shiga pompiye ko soja a koya min kyauta. Shekara 3 ta min nisa gaskiya, ƙannena huɗu ke kaina. Wanda ya san aikin ga don Allah shi hwaɗa min gaskiya ko da ɗaci.

Majo_Mokoyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko Allah shi saka maka da alheri, ka kwantar da shi gehe kuma ba ka ɗura mishi ruwan sukari a baki yana sume ba. Nan ne mutane da yawa ke illata majinyaci da son taimako, ruwan shi wuce huhu.

Ni infirmiye ne shekara 17, ENSP ta Damagaram, lakwal ɗin lahiya ta gwamnati, na yi, na yi irjans wato sashen gaggawa, na riƙe CSI a daji, kuma na yi shekara uku ina majon wani kamfani can gabas wajen harkar man fetur ina bin ayarin manyansu. Abin da zan hwaɗa maka gani na yi. Kar ka saida gonar nan don kwas na sati huɗu.

Cikin shekara ukun nan ban taɓa ɗaure raunin harsashi ba ko sau ɗaya. Abin da ya cika min rajista shi ne zazzaɓin cizon sauro, zawo, tansiyo, ciwon haƙori, harbin kunama, mutanen da zafin Afrilu da Mayu ya kayar, haɗarin mota biyu, sai zuciya sau ɗaya. Bari in ba ka labarin na zuciyar don shi ne amsar tambayarka. Wani injiniya ne ɗan wajen shekara hamsin, ya ƙwanƙwasa min ƙofa da dare ya ce ciki ke mishi zafi ya ci yaji da yawa, in ba shi maganin ulsa kawai don gobe da asuba akwai tahiya. Ina dubanshi na ga goshi jiƙe da wani gumi mai sanyi, fuska ta yi toka-toka, yana ta murza kafaɗar hagu bai ma san yana yi ba. Ban ba shi maganin ulsa ba. Na kwantar da shi, na auna, na kira likitan kamfani ta waya, ya ce a ba shi asfirin shi tauna, munka hidda shi tun cikin daren. Mi ya sa na gane? Don na ga irin fuskar nan ba adadi a kwanan gardi na irjans. Ɗan robar da ake koyo a kanshi a kwas ba ya gumi, ba ya canza launi, ba ya ce maka lahiyata lau don kar a fasa tahiya. Babban mutum kuwa kullum haka yake cewa.

Sai maganar doka, wadda masu tallar Facebook ba su hwaɗa. Allura, sa ruwa a jijiya, ba da magani mai ƙarhi, duk aikin mai difulom ne na ƙasa, kuma ko shi sai ƙarƙashin likita. Misali akwai wata allura da ake ce ma TXA, tana rage mutuwa ga wanda jini ke zuba bayan rauni, babban binciken CRASH-2 da ya hito a 2010 kan mutum sama da 20,000 shi ya nuna haka, kuma dole a yi ta cikin awa 3 da samun raunin, in ta wuce haka ba ta da amfani har tana iya cutarwa. To a kwas za a nuna maka ita a allo, amma ranar da ka soka ma Alhaji ita ba ka da takardar aikin lahiya, in abu ya ɓaci iyalanshi ba lakwal ɗin waje za su kai ƙara ba, kai za a kai komisariya.

Lokacin da anka ɗauke ni aikin nan tambaya ta farko difulom ta ƙasa, ta biyu shekara nawa ka yi a irjans, sannan anka zo kan ƙananan takardu. Su ma suna da amfani sosai, ban raina su ba. PHTLS kwana 2 ne awa 16, kan ceton wanda ya ji rauni kahin a kai asibiti, takardar na aiki shekara 4. BLS da ACLS na zuciya ne, shekara 2 suke mutuwa sai an sabunta. Lura da wannan, mutuwa suke. In ka saye su yau ba ka da wurin aiki da su, kahin ka samu aikin sun ƙare kuma hannunka ya manta. Man shanu ne su, kan tuwo ake zuba shi, kai kuma ba ka tuƙa tuwon ba tukuna.

Tunda kana da BAC lisans za ka yi, shekara 3. Mai BEPC shi ke yin ASB, wato karatun ƙaramin ma'aikacin lahiya, shi ma shekara 3, to tunda lokacin ɗaya ne kar ka yarda wani shi tura ka ASB wai ya hi sauƙi. ENSP akwai Yamai akwai Damagaram, nan Maradi kuma akwai masu zaman kansu. In ta kuɗi za ka shiga, ka je da ƙahwarka ka nemi ganin takardar izininsu daga ma'aikata, ka tambayi ɗalibansu nawa sunka ci jarabawar ƙasa bara, don ita ce ke ba da difulom ɗin gaske, kuma abin da ya hi komi ka tambayi tsohin ɗalibai ina ake tura su istaj kuma ana barinsu su taɓa majinyaci ko tsayuwa kawai suke su ashirin bayan majo ɗaya.

Abu na ƙarshe, rabin aikin ga tun kahin a tada mota ake yinshi. Maradi zuwa Yamai ya hi kilomita 600. Ina ne ke da likitan fiɗa, Dosso, Konni, Madawa? Ina ake samun jini? Lambar wa za ka kira a kowane gari? Wane rukunin jini ne da Alhaji, wane magani yake sha, mi jikinshi ba ya so? Ba a fafe gora ranar tahiya. Wannan ko gobe kana iya farawa ba ka biya ko dala ba.

Tsohon_Sarjan ya rubuta:

Majo ka hwaɗi gaskiya amma rabi ka hwaɗa, kuma ka yi sa'a Allah bai nuna maka ranar ba. Yaron ga hanyar Gidan Rumji da Madarumfa da Ɗan Isa yake bi, kowa ya san abin da ƴan bindiga masu satar mutane ke yi a yankin iyaka shekarun nan, kuma Alhaji mai kuɗɗi shi suke nema.

Ɗana saurara. Na yi shekara 22 da kaki. Na ga infirmiye gwani wanda ko cikin duhu yana samun jijiya, amma ranar da anka buɗe muna wuta ya tashi tsaye da gudu zuwa wurin wanda ya faɗi, don haka asibiti ta koya mishi, majinyaci na kira ka je. Da ƙyar munka jawo shi ƙasa. Da an same shi mun koma da mutum biyu kwance ba mai dubansu. Ilimin asibiti daban, ilimin wurin da ake harbi daban. Shi ya sa sojan Amurka sunka hiddo da tsarin TCCC a 1996 bayan abin da sunka gani a Mogadishu a 1993, sunka raba aikin kashi uku, lokacin da wuta ke sauka, lokacin da anka samu mafaka, da lokacin ɗauke mutum. Ana cikin wuta abu ɗaya kawai ake yi ma rauni, garo, wato maɗaurin da ake murɗawa a hannu ko ƙahwa don tsaida jini, a ɗaure a ja mutum a ɓoye. Sojan Faransa ma suna da nasu, SC1 zuwa SC3. Kuma jerin da ake bi MARCH ne, jini mai tsartuwa farko, sannan hanyar iska, numfashi, zagayen jini, sai kare shi daga sanyi. E sanyi, ko cikin zahin Maradi wanda ya zubda jini sai an lulluɓe shi don in jiki ya yi sanyi jini ba ya daskarewa.

Jinin babban mutum duka wajen lita 5 ne. In babbar jijiyar cinya ta tsinke minti kaɗan ne, ba ka kai ko'ina ba. Garo sama da raunin kamar santimita 5 zuwa 7, ba kan gwiwa ko gwiwar hannu ba, a murɗa har jinin shi tsaya ko yana kuka, a rubuta lokaci, kar a sassauta wai don shi huta. Mu sai mutum ya iya sa ma kanshi da hannu ɗaya ido rufe muke cewa ya iya. Kuma ka kiyayi na jabu da ake saidawa araha ta intanet, sandar karyewa take daidai lokacin da kake murɗawa.

Wani abu kuma, tawagar mutum uku ko huɗu ba mai biyan wanda jaka kawai ya iya ɗauka. Sai ka san inda ake tsayawa in maigida zai hita mota, wa ke buɗe ƙofa, wa ke duban baya, yadda ake shiga taron biki ko jana'iza a hito da shi ba a ture kowa ba, yaushe ake rufe baki. Kai kana da wannan rabin tun yanzu, ga tuƙi kuma, kar ka raina shi.

Bindiga kuwa cire ta daga lissahinka. Duk ayarin da na raka, makami hannun ma'aikatan gwamnati yake, garde nasiyonal, jandarma, soja. Hoton da ka ɗauka da bindiga a wata ƙasa ba ya ba ka izinin riƙe ta a Nijar.

Shiga soja ko pompiye don neman takarda ban ba ka shawara ba. Pompiye ɗinmu ma sojoji ne. In ka sa hannu ba kai ke zaɓen inda za a kai ka ko aikin da za a ba ka ba, kana iya shekara biyar ba ka ga jakar magani ba. Kaki don ƙasa ake sa shi. In zuciyarka na can bismilla, in ba haka ba bi maganar Majo, amma ka nemi wanda zai koya maka wannan ɓangaren nawa tun yanzu kar ka jira shekara 3.

Ɗan_Tasawa ya rubuta:

Ɗan'uwa ni na riga ka bin hanyar nan, bari in ba ka nawa. Ba zan kama sunan wurin ba. Na saida babur biyu da nake ba yara kabu-kabu, na ƙara da bashin yayata, na tahi wata ƙasa sati uku. Ba zan ce ban koyi komi ba, na koyi garo da cusa bandeji cikin rauni da ɗaukar mutum, malaman ma sun san aikinsu. Amma da na dawo na fara aika CV sai na gane takardar sunan lakwal ɗin ne kawai a kanta, ba wata hukuma bayanta. Wani shugaban tsaro na wata ONG ya dube ta ya ce min da kyau, to ina difulom ɗinka na lahiya, majinyaci nawa ka taɓa dubawa? Na yi shiru. Har yau ina biyan yayata.

Daga baya na zauna na bincika abin da ya kamata in bincika tun farko. Kowace ƙasa da hukumarta. Ingila SIA ce ke ba da lasisin gardi-kor, shekara 3 yake aiki, suna binciken ko ka taɓa laihi kuma sai kana da izinin aiki a ƙasarsu, ga shi dole ka zo da takardar taimakon gaggawa kahin ma a karɓe ka a kwas ɗin. FREC 3, kwas ɗinsu na taimakon gaggawa da kake gani ana talla, kwana 5 ne, FREC 4 wani kwana 5 a kanshi da aikin rubutu, masu kyau ne amma ba su maida mutum paramedik, can wannan sunan doka ta kare shi sai wanda hukumar HCPC ta yi ma rajista. Faransa CNAPS ce ke ba da katin aiki, kuma ka san ofishin jakadancinsu na Yamai an rufe shi a farkon 2024, maganar biza ma wani dutse ne. Afirka ta Kudu PSIRA. Duk wanda ya ce maka takarda ɗaya duk duniya na karɓa, ce mishi shi rubuto maka sunan hukumar da ke bayanta, kai kuma ka shiga shahin hukumar ka duba ko sunanshi na ciki. In ya fara kewaye-kewaye ka san amsa.

Kuma ka duba kasuwar yadda take yanzu. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 baƙi da yawa sun tahi, sojan Faransa ƙarshen 2023, na Amurka 2024, furoje da dama sun rage. Abin da ya rage mai ƙarhi harkar man fetur ce, Agadem, matatar SORAZ, bututun da ya tahi Benin, sai ma'adinai da ƴan kasuwarmu na gida. Infirmiye in bai samu tawaga ba kilinik na ɗaukarshi, ONG na ɗaukarshi, ni kuwa da takardata in ba tawaga ba ni da inda zan kai ta. Ka koyi Ingilishi kuma, kusan duk littattahan aikin ga da shi anka rubuta su.

Ƴar_Tibiri ta rubuta:

Sannu ƙanena, Allah shi ƙara ma Alhaji lahiya. Ni ma ma'aikaciyar jinya ce, ina yawan raka wata Hajiya da iyalanta in za su yi tahiya mai nisa, to ina da ɗan abin cewa.

Maganar da ta hi taɓa ni cikin rubutunka ita ce shekara huɗu ba ka san yana shan magani ba. Ba laihinka ba ne, manyanmu ɓoye ciwo suke, ɗan kasuwa ba ya son a ji yana da diyabet ko tansiyo kar abokan hulɗa su fara lissahi, wani ko matanshi ba su sani ba. To aikin ga amana ce kahin komi. Ranar da ya yarda ya buɗe maka ledar magungunanshi ka shiga wani matsayi, abin da ka gani ciki ko Inna ba ta ji, ko a fada wurin shan shayi ba ya hita. Wanda bakinshi bai da ƙulli ko yana da difulom goma ba ya daɗewa.

Ka samu lokacin da yake cikin natsuwa ka ce Alhaji abin da ya faru a hanya ya tsorata ni, ina son in san maganinka don in iya taimakonka. Ka roƙe shi ku je wurin likitanshi tare kahin azumi mai zuwa a gyara mishi yadda zai sha maganin, don sukarin da ya yi ƙasa sosai ko malamai sun ce a karya azumi. Ka sa na'urar awon sukari da ta tansiyo cikin mota, ba su da tsada kamar yadda kake zato, kowane farmasi babba na da su, ka sa a koya maka. Dabino da sukari cikin aljihun mota, in yana cikin hayyacinshi yana iya haɗiya ka ba shi, in ya sume kar ka ba shi komi ta baki. Kuma kar a bar magani cikin mota a rana, zahinmu ya wuce digiri 40 a bazara cikin mota kuwa ya hi haka nesa, insulin lalacewa take, sai da ƴar kula mai riƙe sanyi.

Baba Sarjan ya yi maganar garo, in ƙara abu ɗaya don kar a haɗa: cizon maciji ba a sa mishi garo, ba a tsagawa ba a tsotsa. Kububuwar da ke damunmu a gonaki dahinta hana jini daskarewa yake, tsagar ma ƙara zubar jini take. A hana ƙahwar motsi, a cire zobe ko abin da ya matse, a kai asibitin da ke da maganin dahi.

Kan shekara 3 da ta maka nisa, ni da goyo na yi tawa. Kuma tun kana shekara ta farko hannunka ya fara taɓa majinyaci. In lokacin istaj ya zo ka roƙi irjans na CHR, asibitin jiha, ko na babban asibitin Referans, ka karɓi gardin daren da wasu ke gudu, musamman daren sallah da ranakun kasuwa da ƴan babur ke zubowa. Nan ake koyon aikin da kake so.

Abban_Zariya2 ya rubuta:

Ni dai abin da zan ce, mi zai hana ka hwaɗa ma Alhajin shi biya maka lakwal ɗin? Ransa ka taimaka anka ceto, kuma shi zai ci moriyar karatun. Gona kuwa a bar ta, ita ce abincin ƙannenka. Lambar pompiye 18 ce ka sa ma yaronshi cikin waya shi ma.

Ɗan_Bagalam ya rubuta:

Na gode ƙwarai Allah shi bar zumunci. Baba Sarjan, Majo, Yaya ta Tibiri, na karanta sau uku. Ɗan Tasawa Allah shi mayar maka da alheri, na tura ma mutanen can tambayar da ka ce jiya da dare, sun aiko min da bidiyo da ragin kuɗi amma sunan hukuma har yanzu shiru. Na karanta ma Inna duka ta ce gona ta zauna.

Yau da sahe bayan mun dawo daga kasuwa na yi ƙarhin hali na yi ma Alhaji magana kamar yadda Yaya ta ce. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya aiki yaro ya ɗauko wata baƙar leda daga ɗaki, magani kala biyar, biyu ma ban san na mi ne ba. Maganar lakwal ya ce in kawo mishi takardun shi gani. Damuwata yanzu in na shiga karatu wa zai riƙa tuƙa shi tahiya mai nisa, kuma Majo cikin magungunan nan ya zan yi in san wanne ne ya kayar da shi?

Majo_Mokoyo ya rubuta:

Alhamdu lillahi, wannan ledar da ya buɗe maka babban abu ne. Kar ka turo hotonsu nan, sirrinshi ne. Ka rubuta sunan kowanne da ƙarhinshi da lokacin da yake sha a takarda ɗaya, ku tahi da ledar gaba ɗaya wurin likitan da ya rubuta su, ka ba shi labarin abin da ya faru a hanya tiryan-tiryan, ƙarhe nawa ya sha, mi ya ci, ƙarhe nawa ya faɗi. Akwai jinsin maganin diyabet da ke saukar da sukari ko mutum bai ci abinci ba, akwai wanda bai cika yin haka ba, likitan ne zai tantance kuma shi kaɗai ke canzawa, kai kar ka ce a bar wani ko a rage. Takardar ka yi kwahi biyu, ɗaya aljihunka ɗaya cikin mota.

Tuƙi kuma ka fara koya ma wani amintacce hanyar tun yanzu, ƙanenka in ya isa permi ya hi. Kai ka riƙe tahiyar hutu da ta ƙarshen sati. Baba Sarjan in da hali ka haɗa su su biyun ka nuna musu garo, ni ina da ɗaya na koyo zan ba da aro. Ran Asabar bayan la'asar ba ni da gardi, ka min magana ta akwati in hwaɗa maka inda za ka same ni, ka zo da takardar BAC ɗinka da ta haihuwa mu duba abin da dosiye ke buƙata.